Masu wa'azin hali sun sake tashi a kan Stefon Diggs

Tun da labari ya fito a ƙarshen watan Maris na 2025 cewa ƙungiyar New England Patriots ta ɗauki Stefon Diggs a kwantiragin shekara uku, wanda rahotanni suka ce zai iya kaiwa dala miliyan 69, wasu masu sharhi kan gasar NFL ta ƙwallon ƙafa irin ta Amurka suka koma kan tsohon karatunsu. Wai mutumin fitinanne ne, wai da rigima ya bar Minnesota kuma da rigima ya bar Buffalo, wai zai ɓata tarbiyyar Drake Maye, matashin mai jefa ƙwallon ƙungiyar da a lokacin kakar wasa ɗaya kacal ya yi a gasar. Hali zanen dutse, in ji su, kuma da wannan karin magana suke ganin sun rufe bakin kowa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake maimaita wannan hukunci duk lokacin da wani gogaggen mai cafe ƙwallo mai zafin rai ya sauya sheƙa, ba tare da an tsaya an duba nawa aka biya, nawa aka lamunce masa, da kuma halin da ƙungiyar da ta ɗauke shi take ciki ba.

Halin da Patriots take ciki a lokacin ba ɓoyayye ba ne. Wasa 4 ta ci a cikin 17 a kakar 2023, ta sake cin 4 a kakar 2024. Kafin zuwan Diggs, rabon da wani ɗan wasanta ya haɗa yadi 1,000 na cafe ƙwallo a kaka guda tun Julian Edelman a 2019, kuma a kakar 2024 babu wanda ya kai ko yadi 700. Ƙungiyar ta shiga kasuwar 2025 da sararin kuɗin da ya haura dala miliyan 100 a ƙarƙashin iyakar albashin da gasar ta gindaya, amma manyan masu cafe ƙwallo sun daɗe suna kauce mata: Calvin Ridley ya zaɓi Tennessee a 2024, Chris Godwin kuma ya gwammace ya zauna a Tampa Bay. Masu cewa a yi haƙuri a nemo yaro mai ladabi a zaɓen sabbin 'yan wasan da ke fitowa daga jami'o'i, sai su tuna da N'Keal Harry a 2019, da Tyquan Thornton a 2022, da Ja'Lynn Polk wanda aka ɗauko a zagaye na biyu a 2024 ya ƙare kakar da cafe ƙwallo 12. Dukkansu babu wanda ya ta da hankalin kowa a gefen fili, kuma babu wanda ya ta da hankalin 'yan bayan abokan hamayya.

To, mene ne ainihin laifin Diggs da ake ta nanatawa? Babbar hujjar ita ce abin da ya faru a watan Janairun 2023, a wasan sili ɗaya ƙwale da Cincinnati Bengals ta doke Buffalo Bills da ci 27 da 10 a gidan Buffalo, dusar ƙanƙara tana zuba. Kyamara ta nuno shi tsaye a gaban benci ya ware hannuwa yana faɗa, Josh Allen, mai jefa ƙwallon Buffalo, kuwa yana zaune kansa a sunkuye yana duba hotunan wasa a na'ura, ko ɗagowa bai yi ba. Bayan an tashi Diggs ya tattara kayansa ya yi gaba ba tare da ya tsaya wa 'yan jarida ba. A watan Yunin shekarar bai halarci ranar farko ta atisayen dole ba, har kocinsa Sean McDermott ya fito ya nuna damuwa. A watan Afrilun 2024 Buffalo ta miƙa shi ga Houston Texans, ta haɗiye kusan dala miliyan 31 a lissafin albashinta don kawai ta rabu da shi. Wannan duk gaskiya ne, kuma ba abin yabo ba ne. Sai dai mai kawo wannan labari ya kamata ya kawo ɗaya rabin. Kafin zuwan Diggs, jifan Allen da ke isa hannun mai cafewa bai kai kashi 53 cikin 100 ba a 2018, bai kai kashi 59 ba a 2019. A 2020, shekarar da Diggs ya zo, ya haura kashi 69, Diggs ya fi kowa a gasar yawan cafewa da 127 da kuma yawan yadi da 1,535, Buffalo ta lashe rukuninta karo na farko tun 1995, kuma ta ci gaba da lashe shi a duka shekaru huɗun da ya yi a can. Idan haka ake lalata matashin mai jefa ƙwallo, to Drake Maye ya yi fatan a lalata shi.

Akwai abin da masu wa'azin nan ba sa son fahimta game da wannan gurbi na wasa. Mai cafe ƙwallo shi ne ɗan wasan da abincinsa yake hannun wani. Zai fita da gudu sau talatin ko arba'in a wasa guda, ya yi yanka, ya kuɓuce wa mai gadinsa, ya ɗaga hannu, amma idan mai jefawa bai waiwayo shi ba, wahalar ta tafi a banza, kuma ko babban tauraro da wuya a jefa masa fiye da sau goma a yawancin wasanni. Albashinsa na gaba kuwa da alƙaluman abin da ya cafe ake yanke shi. Mutumin da ya kai matakin da Diggs ya kai, wanda sai a zagaye na biyar aka ɗauke shi a 2015 kuma ya haɗa yadi 1,000 shekara shida a jere daga 2018 zuwa 2023, ya kai can ne saboda ya yarda a ransa cewa kowace ƙwallo tasa ce. Wannan yardar ce take sa shi shiga tsakiyar fili inda ake dukan haƙarƙari, ita ce kuma take sa shi ɗaga murya idan an yi minti ashirin ba a dube shi ba. Ba a sayen ɗaya a bar ɗaya.

Ita kanta Patriots ta taɓa cin ribar irin wannan ciniki fiye da kowa. A 2006 Randy Moss yana Oakland Raiders, ƙungiyar da ta ci wasa 2 a cikin 16, ya cafe ƙwallo 42 kawai, ana cewa ya daina sa kai, ya ƙare, guba ne a ɗakin 'yan wasa. A watan Afrilun 2007 Bill Belichick, kocin Patriots na lokacin, ya karɓo shi da gurbin zaɓe na zagaye na huɗu, shi kuma ya yarda aka zabge masa albashi. A kakar nan ya cafe ƙwallon ci sau 23, adadin da har yau babu wanda ya kamo, mai jefa ƙwallon ƙungiyar Tom Brady ya jefa 50, ƙungiyar ta ci duka wasanninta 16 kafin New York Giants ta doke ta a Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar. Da Moss ya fara ƙorafin kwantiragi a bainar jama'a a farkon kakar 2010, Belichick bai tsaya jayayya ba, ya sayar da shi ga Minnesota a watan Oktoba a kan gurbin zagaye na uku, wato ya sayar da tsada fiye da yadda ya saya bayan ya ci moriyar shekara uku. Minnesota ce ta kwashi kashinta a hannu, domin wasa huɗu ya yi mata ta sallame shi. Ɗaya daga cikin abokan wasan Moss a waccan kakar ta 2007 shi ne Mike Vrabel, wanda yau shi ne kocin Patriots. Ya ga abin da idonsa, ba labari aka ba shi ba.

Na san sunan da za a jefo mini, domin shi ake jefowa kullum: Antonio Brown. Kowa ya tuna ranar 2 ga Janairun 2022 a filin MetLife, ana tsaka da wasa da New York Jets, lokacin da ya tuɓe riga da sulken kafaɗa, ya wurga wa 'yan kallo safar hannunsa, ya ratsa ƙarshen fili ba riga yana ɗaga wa jama'a hannu, ya shige ya tafi. Hoton yana da daɗin nunawa, amma lissafin da ke bayansa bai goyi bayan masu nuna shi ba. Tampa Bay ta ɗauke shi a watan Oktoban 2020 a kwantiragin shekara guda na kuɗi kaɗan, ya cafe ƙwallon ci a Super Bowl ɗin da ta doke Kansas City Chiefs da ci 31 da 9, kuma ko a ranar da ya yi tafiyarsa ƙungiyar ce ta ci wasan, bayan kwana huɗu ta sallame shi. Wadda ta sha kunya ita ce Raiders a 2019, da ta ba da gurbin zaɓe biyu ta kuma gina dukkan shirinta a kansa, aka kwashe bazara ana rigimar hular kwano da ciwon ƙafa, ta sallame shi kafin ya buga mata ko wasa ɗaya. Mutum ɗaya ne, halinsa ɗaya, sakamako biyu, kuma bambancin yana ga yadda kowace ƙungiya ta jingina da shi. Ban da haka, haɗa Diggs da Brown a kwando ɗaya rashin adalci ne tsagwaronsa. Brown gasar ta dakatar da shi wasa takwas a 2020 saboda keta dokar ɗa'a, ta sake dakatar da shi wasa uku a 2021 saboda ƙarya kan rigakafin korona. Diggs kuwa abokan wasansa kyaftin suka yi shi a Buffalo, suka kuma yi shi kyaftin a Houston tun shekararsa ta farko. Wanda ba ya iya bambance mai fushi don an hana shi ƙwallo da wanda hukuma ke dakatarwa, bai kamata a ba shi makirufo ba.

Ba na musun cewa cinikin yakan ɓaci. Terrell Owens ya kai Philadelphia Eagles har Super Bowl a kakar 2004, inda ya cafe ƙwallo 9 na yadi 122 makonni kaɗan bayan tiyata a ƙafa, sannan a shekara mai zuwa ya hargitsa ƙungiyar kan neman ƙarin kuɗi har aka dakatar da shi, ta ƙare da cin wasa 6. Baltimore Ravens ta karɓo Diontae Johnson a 2024, ya cafe ƙwallo ɗaya tak, ya ƙi shiga wasa da Eagles, aka dakatar da shi aka kuma sallame shi. Amma a duba asarar da Baltimore ta yi: musayar gurabe ce ta can ƙarshen zaɓe, kuma ta ci gaba ta lashe rukuninta. Ita kuwa Philadelphia, kuskurenta shi ne ta ɗaure kanta da kwantiragin shekara bakwai da mutumin da kowa ya san zaman lafiyarsa da ƙungiya ba ya daɗewa, kuma ta tsaya cacar baki da shi wata da watanni maimakon ta yanke hukunci tun kafin a fara kaka.

A nan ne mai bin ƙwallon Turai yake buƙatar ya gyara lissafinsa, domin kwantiragin NFL ba kamar na Firimiya ba ne. Adadin da ake bugawa a kanun labarai yawanci ado ne. Abin da ƙungiya ta ɗaure kanta da shi kawai shi ne kuɗin da ta lamunce, saura kuwa tana iya yafe shi ranar da ta ga dama ta hanyar sallamar ɗan wasan. A cinikin Diggs rahotanni sun ce dala miliyan 26 aka lamunce, a shekarar da iyakar albashin kowace ƙungiya ta kai dala miliyan 279.2, kuma a watan da Cincinnati ta ba Ja'Marr Chase sama da dala miliyan 40 a shekara. Patriots ba ta ba da gurbin zaɓe ko ɗaya ba. Mai jefa ƙwallonta yana kan albashin sabon shiga, wanda shi ne lokaci mafi arha da ƙungiya ke samu don ta kashe kuɗi a kan waɗanda za su taimake shi. Idan Diggs ya fara ware hannuwa a gaban benci a watan Nuwamba, ƙofar fita a buɗe take, kuma Vrabel ba mutumin da ɗan wasa zai taka ba ne.

Abin da ya kamata a yi muhawara a kansa, wanda hayaniyar hali ta danne, shi ne jikinsa. Diggs ya cika shekara 31 a watan Nuwamban 2024. A ƙarshen Oktoba, a wasa da Indianapolis Colts, jijiyar gwiwarsa ta tsinke ba tare da wani ya taɓa shi ba, ya ƙare kakarsa a Houston da wasa 8, cafewa 47 da yadi 496. Tun kafin raunin ma alamu sun fara bayyana, domin a kakarsa ta ƙarshe a Buffalo bai sake haɗa yadi 100 a wasa guda ba bayan mako na shida, kuma a wasan da Kansas City ta fitar da su a Janairun 2024 wata doguwar ƙwallo da a da ba ya barin irinta ta zame masa daga hannu. Buffalo ta rabu da shi ta ci wasa 13 a 2024, aka ba Allen kyautar gwarzon gasar. Masu sukar cinikin suna kawo wannan a matsayin shaidar cewa an huta da fitina, ni kuwa abin da nake gani a ciki shi ne ƙungiyar da ta lura gudun mutum ya fara raguwa ta sayar kafin kasuwa ta farga. Ƙwarewar Diggs tana ga yanka da sauya hanya cikin ƙiftawar ido, kuma wannan ne abin da tsinkewar jijiyar gwiwa ta fi taɓawa. Fushin ɗan wasan da har yanzu yake kuɓuce wa masu gadi ana iya jure shi, domin mai jefawa zai ba shi ƙwallo ya yi shiru. Matsala tana tasowa ne ranar da ƙafa ta daina, bakin kuma bai daina ba, kamar yadda aka gani ga Moss a Minnesota.

Saboda haka abin da ya rage wa Patriots a farkon 2025 kaɗan ne. Kada ta yi gaggawar mayar da shi fili kafin likitoci su gamsu, kada ta ɗauka zuwansa ya ɗauke mata neman matashin mai cafe ƙwallo a zaɓen watan Afrilun 2025, inda take riƙe da gurbi na huɗu da wasu a baya, kuma ta fara gyara layin masu kare Maye, domin wanda ke kwance a ƙasa ba ya jefa wa kowa ƙwallo, mai ladabi ne ko fitinanne. Idan kuma Diggs ya haskaka a kakar 2025 har wakilinsa ya zo neman a sake zama kan kwantiragi, amsar da Belichick ya ba Moss a watan Oktoban 2010 tana nan a ajiye a ofishin ƙungiyar da ke Foxborough.