Bakteriya ba ta cin dutse, aiki take wa ƙarfe

Na ji daɗin wani labari da na karanta kan amfani da bakteriya wajen fitar da jan ƙarfe daga ma'adinai masu farar wuta, amma akwai gyara. An rubuta kamar bakteriyar ce ke cinye dutsen. Galibi ba haka ba ne. Irin su Acidithiobacillus ferrooxidans suna sabunta sinadarin baƙin ƙarfen da ke cikin ruwan da ake zuba wa tsibin ma'adinin ne, shi kuma ya narkar da ma'adinin, farar wutar ta koma asid.

Inda gizo ke saƙar shi ne chalcopyrite, wanda ya fi kowane ma'adinin jan ƙarfe yawa a duniya. Da an fara, sai wani ɓawo ya lulluɓe shi, aiki ya yi sanyi. Shi ya sa ake komawa ga ƙananan ƙwayoyin halitta da ke jure zafin digiri 60 zuwa 80, ana kuma hura iska ta ƙarƙashin tsibin, domin ba oksijin ba aiki.

Abin da ya fi damuna, marubucin bai taɓo ruwan asid da ke tsiyaya ba. In shimfiɗar ƙasan tsibin ta huje, rijiyoyin mutane ne za su sha wahalar, shekara da shekaru.