Kalmar "baiwa" ta sa mutane da yawa sun ajiye buroshi

Duk sanda na ɗora zane, sai an samu wanda zai rubuta min: "Kai, Allah ya yi maka baiwa." Na gode, na kuma san da zuciya ɗaya ake faɗa. Amma maganar tana damuna, domin wanda ya fara zane jiya yana karantawa, sai ya dubi nasa, ya ce shi ba a ba shi ba, ya tattara fentinsa ya ajiye.

Ban musa baiwa ba. Sai dai abin da kuke gani a zanukan da nake ɗorawa yawancinsa yau da gobe ce. Akwai tarin takardun da ban taɓa nuna wa kowa ba: fuskokin da ido ɗaya ya fi ɗaya tudu, sararin samaniyar da na yi ta gauraya launi har ya koma kamar taɓo. Na daɗe ina sa baƙin fenti a duk inda inuwa take, kafin in gane cewa inuwa ma tana da launinta, wani lokaci shuɗi-shuɗi, wani lokaci ta ɗebo jan abin da ke kusa da ita. Fentin ruwa kuwa sai da ya wahalar da ni kafin in yarda cewa idan ya bushe yana kodewa, dole a sa shi da ɗan ƙarfi tun yana jiƙe. Irin wannan ilimin sai hannu ya faɗa. Minti 30 kullum sun fi min wuni guda cur a ƙarshen wata.

Ku dubi Vincent van Gogh. Sai a 1880, yana da shekara 27, ya yanke shawarar zama mai zane, ya rasu a 1890. Cikin shekara goma kacal ya bar ayyuka wajen 2,000, sama da 800 daga ciki na fentin mai. Ku raba wannan da kwanaki ku gani. Claude Monet kuma tarin damman hatsi ya tasa a gaba tsakanin 1890 da 1891, ya zana su kusan sau 25, da safe, da yamma, cikin ƙanƙara, don kawai ya kama yadda haske ke sauya launi.

Abin da aka fi mantawa shi ne babu ɗayansu da ya yi tafiyar shi kaɗai. Ƙanin Van Gogh, Theo, shi ke aika masa kuɗin fenti da na zama, Van Gogh kuma yana rubuta masa ɗaruruwan wasiƙu kan abin da yake gwadawa. Monet yana saurayi zanen barkwanci yake yi, wani mai zane, Eugène Boudin, ne ya ja shi waje ya ce ya zana abin da idonsa ke gani. Kuma da babban baje kolin Faris ya yi ta watsi da ayyukansu, sai Monet da 'yan'uwansa masu zane, su Renoir da Pissarro da Berthe Morisot, suka haɗu suka shirya nasu a 1874.

Nan ne nake da magana da mu masu zane. "Ya yi kyau" tana da daɗi, amma ba ta ƙara wa kowa komai. Ranar da wata 'yar'uwa mai zane ta ce min, "Hasken gefen fuskar nan ya fita, amma ka ƙanƙance idonka ka duba, duhunka da haskenka duk ƙarfinsu ɗaya," ranar na ga abin da na yi shekaru ina kallo ban gani ba. Ta tsaya ta duba aikina da gaske, wannan shi ya mayar da ni kan kujera washegari. Haka nan mai yaga aikin sabon shiga don a san shi gwani ne, ya sani yana iya zama sanadin barinsa zane har abada.

Wannan watan hannuwa nake zanawa, ɗaya kowace rana, don har yanzu babban yatsa yana ba ni wuya. Zan riƙa ɗora su da kwanan wata, masu kyau da marasa kyau. Wanda ya ga inda gaɓa ta karkace, don Allah ya nuna min wurin.