Tsafe muke cewa, takarda ta ce Chafe

Makon jiya na raka ƙanena wani ofishi a Gusau kan maganar takardunsa. Takardar haihuwarsa ta ce an haife shi a Chafe, takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma kuma ta ce Tsafe. Ma'aikacin da ke wurin, ba ɗan nan ba ne, ya duba ya sake dubawa, ya ce ai garuruwa biyu ne, sai mu je kotu mu yo rantsuwa. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, gari ɗaya ne, bakin Bature ne ya kasa furta tsa." Bai yarda ba. Haka muka ɓata yini guda da kuɗin mota a kan haruffa biyu.

Ban ga laifinsa sosai ba. Wane littafi zai buɗe ya gani? Babban kundin taswirar Najeriya da gwamnatin tarayya ta buga, a 1978 ya fito, lokacin jihohi 19 ne kacal. Mu da Kabawa duk muna cikin jihar Sakkwato. An yanke Kebbi a 1991, Zamfara a 1996, yau ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar, 14 a nan, 21 a Kebbi. Yaron da aka haifa shekarar da aka buga kundin nan ya isa yin jika, amma mu har yanzu kowane ofishi da irin rubutunsa.

Ku duba allunan kan hanya. Kwatarkwashi ta koma Kotorkoshi, sai ka ce sunan magani. Ƙauran Namoda an cire mata ƙugiya, alhali Kaura daban, Ƙaura daban. Ɗansadau ma haka. Gummi wani ya sa m biyu, wani ɗaya, shi ya sa yara da yawa ba su san cewa Sheikh Abubakar Gumi sunan garin nan namu yake ɗauke da shi ba. Maƙwabtanmu ma ba su tsira ba: Aliero a wata takarda, Aleiro a wata, Yawuri ta zama Yauri. Haruffan ƙ da ɗ da ɓ kuwa tun shekarun 1930 suke cikin rubutun boko, kuma yanzu kowace waya tana da su. To uzurin me ya rage?

Wani zai ce mutanen da ke kwana da fargabar 'yan bindiga ina ruwansu da ƙugiya. Ni kuwa nan ne ma abin ya fi damuna. Sabon Gari nawa ne a Zamfara? Gidan Dawa nawa, Tungar wane nawa? Idan aka buga waya tsakar dare aka ce an shiga ƙauye kaza, jami'in da aka turo daga Kudu ko daga Borno da me zai gane wanne ake nufi? Ƙaramar hukumar Maru kaɗai ta miƙe tun daga kusa da Gusau har ta taɓo iyakar Kaduna da Neja. A dajin can, mutum zai iya ce maka ga gonarsa, amma a tambaye shi jihar da take ciki sai an yi gardama. Masu allurar rigakafi da malaman ƙidaya sun fi kowa sanin wannan wahala: ƙauyen kan iyaka ko a shiga cikinsa sau biyu, ko kowa ya ce na wancan ɓangaren ne.

Akwai Ofishin Babban Safiyon Ƙasa, akwai Hukumar Kula da Iyakoki da aka kafa tun 1987. Abin da nake so su fitar shi ne sabon kundi da zai sauko har matakin mazaɓa, 147 ɗin nan namu, kowane ƙauye da suna ɗaya tsayayye, tsohon rubutun Turawa kuma a ajiye shi a gefe don masu tsofaffin takardu irin ƙanena. A sa shi a intanet kyauta, a kuma buga na takarda don makarantu, tunda ba ko'ina ake samun sabis ba.

Sai dai kada a zauna a Abuja a yi. A zo a tambayi hakimai da dagatai da masu unguwa da tsofaffin gari, a ji sunan daga bakinsu kafin a rubuta. Kuma kada mu Hausawa mu yi wa wasu abin da muke kuka da shi. Ƙauyen da sunansa na Fillanci ne, ko na Dakarci a ƙasar Zuru, a bar shi yadda masu shi ke kiransa.

Na san jan layi a takarda yana iya tono tsohuwar rigimar gona ko burtali, musamman inda iyakar masarauta ba ta yi daidai da ta ƙaramar hukuma ba. Inda ake jayayya a nuna cewa ana jayayya, a ci gaba da sauran aikin.

Ƙanena dai ya yo rantsuwar. Yanzu yana da takarda ta uku, mai hatimin kotu, da ke tabbatar da cewa Chafe ita ce Tsafe.