Sridevi: Madras ce ta gina ta, Bombay ta same ta a gine

Jama'a, akwai rashin adalcin da muke yi wa marigayiya Sridevi ba tare da mun sani ba. Duk sanda aka tayar da hirar tsofaffin jaruman Indiya mata, sai a ce ai ita ce sarauniyar rawa ta Bollywood, a kawo Nagina, a kawo Chandni da Mr. India, shi ke nan an rufe babinta. Ni kuwa abin yana damuna, domin cikin fina-finai wajen 300 da ta yi a rayuwarta, waɗanda aka yi da harshen Hindi ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran duk da Tamil ne da Telugu da Malayalam da Kannada. Ke nan abin da ya iso mana a sinimomin Kano da Kaduna, da kasa-kasan bidiyo na wancan zamani, ɗan tsagi ne kawai na aikinta.

Mu a nan komai "Indiya" muke ce masa, amma can ba haka abin yake ba. Tsarin mulkin ƙasar ya lissafa harsuna 22, kuma manyan harsunan kudu huɗun nan ba danginsu ɗaya da Hindi ba sam. Tazarar da ke tsakanin Tamil da Hindi kamar ta Hausa da Yarbanci ce, ba wanda zai ji ɗaya don ya iya ɗayan. Kowane harshe da masana'antarsa, da daraktocinsa, da 'yan kallonsa masu tsananin kishin nasu. A shekarun 1970 yawancin fina-finan kudu a birnin Madras ake haɗa su, wanda yanzu ake kira Chennai, kuma a nan yarinyar ta tashi.

An haife ta ranar 13 ga Agusta 1963 a ƙauyen Meenampatti kusa da Sivakasi, a jihar Tamil Nadu ta yau. Mahaifinta lauya ne ɗan Tamil, mahaifiyarta kuma 'yar Telugu, don haka da harsuna biyu ta buɗe baki. Tana 'yar ƙarama aka fara sa ta a fim, Kandhan Karunai na 1967. A 1971 ta karɓi lambar yabo ta jihar Kerala a matsayin gwarzuwar ƙananan 'yan wasa saboda Poompatta, fim ɗin da aka yi da Malayalam, harshen da ba na uwarta ba ne ba kuma na ubanta ba.

A nan ne nake so mu ɗan tsaya, domin masoyanta sukan ba da wannan labari cikin alfahari, ni kuwa tausayi yake ba ni. A 1976 darakta K. Balachander ya ba ta babban matsayi na farko a Moondru Mudichu, tare da Kamal Haasan da Rajinikanth. Shekarunta 13. A cikin labarin ta auri mahaifin Rajinikanth, ta zama matar ubansa. Yarinyar da ya kamata a ce tana aji tana fama da lissafi, an ɗaura mata sari an ce ta yi zaman matar aure. A 1972 ta fito a matsayin jikar babban jarumin Telugu N. T. Rama Rao a Badi Panthulu, bayan shekara bakwai kacal ta dawo budurwarsa a Vetagadu, alhali ya girme ta da shekara 40. Ta yi soyayyar fim da Akkineni Nageswara Rao, daga baya ta yi da ɗansa Nagarjuna. Maza suna tsufa a kan kujerar jarumta, ana ta kawo musu 'yan mata ƙanana. Ita da kanta ta faɗa a hirarraki cewa makaranta ta wuce ta. Duk ƙwarewar da muke yabawa, da ƙuruciyarta aka saye ta, kuma bai kamata mu riƙa tsallake wannan ba in muna yabon.

Amma ƙwarewar fa ta gaske ce. Wanda yake son ya san ko wace ce Sridevi, ya nemi 16 Vayathinile na 1977, fim ɗin Bharathiraja, inda ta fito 'yar ƙauye mai burin zama malamar makaranta, wani likitan dabbobi ɗan birni ya yaudare ta. Babu kwalliya, babu ƙyale-ƙyale, sai fuska da idanu. Sannan ya nemi Moondram Pirai na 1982, na Balu Mahendra, wanda aka sake yi da Hindi a 1983 da sunan Sadma. Budurwa ce ta yi haɗarin mota, hankalinta ya koma na ƙaramar yarinya, wani malamin makaranta (Kamal Haasan) ya tsamo ta daga gidan karuwai ya riƙe ta amana. Irin wannan matsayi yana da santsi ƙwarai, kaɗan ɗan wasa zai zarce ya koma abin dariya. Ita ba ta zarce ba ko sau ɗaya. Yadda take riƙe ɗan kwikwiyonta, yadda take fushi ta huce nan take, yadda take kallon mutum ba tare da zargin komai ba, sai ka rantse yarinya 'yar shekara shida aka zuba a jikin babba. A ƙarshe da ta warke, ta kalli mutumin da ya yi mata komai ta tagar jirgin ƙasa, ba ta gane shi ba, ta ɗauka mabaraci ne ta miƙa masa abinci. Kamal Haasan ya samu lambar yabo ta ƙasa da wannan fim. Ita ta jihar Tamil Nadu aka ba ta, ta ƙasa kuwa Shabana Azmi ce ta ɗauka a shekarar. Har gobe ina ganin rabin kukan da mutane suke yi wa Kamal a tashar jirgin nan, fuskarta da ba ta nuna komai ba ce ta jawo shi.

To me Bombay, cibiyar fina-finan Hindi da yanzu ake kira Mumbai, ta yi da wannan baiwa? Fim ɗinta na farko a matsayin jaruma da Hindi, Solva Sawan na 1979, bai yi kasuwa ba. Sadma ma bai yi ba. Wanda ya yi shi ne Himmatwala na 1983 tare da Jeetendra, fim na rawa a tsakiyar tukwane da kaya masu walƙiya. Furodusoshi suka ga inda kuɗi yake, suka yi ta maimaita mata irinsa, jaridu kuma suka koma zancen surar jikinta. A lokacin ba ta jin Hindi. Haddace maganganun take yi, wata ta ɗora mata murya, galibi tsohuwar 'yar wasa Naaz, a Aakhree Raasta na 1986 kuma Rekha ce ta yi mata. Sai a Chandni na 1989 aka soma jin muryarta ta ainihi.

Ina ganin a nan sirrin ƙaunar da Hausawa suka yi mata yake. Iyayenmu da yayyenmu sun kalli waɗannan fina-finai ba fassara, ba sa jin abin da ake cewa, ita ma mai wasan ba ta gama jin abin da take cewa ba. Dole ta tura saƙon ta ido da gira da kafaɗa da tafiya, kuma wannan saƙon ba ya neman tafinta. Dubi Nagina na 1986, inda ta fito macijiya: idanun nan kaɗai sun isa su hana yaro barci. Dubi inda ta kwaikwayi Charlie Chaplin a Mr. India na 1987, ko ChaalBaaz na 1989 da ta fito tagwaye, ɗaya matsoraciya ɗaya fitsararriya, tun kafin su yi magana ka san wacce ce a gabanka. Ban dariya yana cikin abubuwan da suka fi wuya a wasa, kuma kyawawan jarumai mata da yawa suna gudunsa don kada su ɓata fuska. Ita ba ta damu ba. Kuma ko a ganiyar ɗaukakarta a Bombay ba ta yar da gida ba: ta koma ta yi Jagadeka Veerudu Athiloka Sundari da Chiranjeevi a 1990, da Kshana Kshanam na Ram Gopal Varma a 1991, duka da Telugu.

Ta auri furodusa Boney Kapoor a 1996, bayan Judaai na 1997 ta jingine fim ta rungumi renon 'ya'yanta mata biyu. Shekara 15 sannan ta dawo da English Vinglish na Gauri Shinde a 2012, labarin matar gida da mijinta da 'yarta suke raina ta don ba ta jin Turanci, har ta shiga aji a ɓoye a New York. Wa ya fi ta sanin zafin a tsaya cikin mutane ana magana da harshen da ba ka mallaka ba? Kowace mace a cikinmu da aka taɓa yi wa dariya a asibiti ko a banki saboda Turanci za ta ga kanta a fim ɗin nan. Gwamnatin Indiya ta ba ta lambar Padma Shri a 2013. Ta rasu a Dubai ranar 24 ga Fabrairu 2018 tana da shekara 54, hukumomin can suka ce nutsewa ta yi a bahon wanka na otel. Lambar gwarzuwar jaruma ta ƙasa, wadda ta cancanta tun 1982, sai bayan rasuwarta aka ba ta saboda fim ɗin Mom na 2017, mijinta da 'ya'yanta suka je suka karɓa.

Yanzu da matasanmu suka raja'a a kan fina-finan Vijay da Prabhas da Allu Arjun ta hanyar fassarar Hausa, ƙofar kudu ta riga ta buɗe mana. Roƙona ga masu fassara shi ne su waiwayi tsofaffin. Na san fim ɗin faɗa ya fi saurin shiga kasuwa, amma a gwada Kshana Kshanam, akwai gudu da tsere da dariya a cikinsa da za su riƙe ɗan kallo na yau. In ya karɓu, sai a bi shi da 16 Vayathinile da Moondram Pirai.