Fim ɗin sha biyun dare: uban ne mai kallo ko ɗan?

Ranar Alhamis 25 ga Afrilu 2019 aka saki Avengers: Endgame a Ingila, kuma nunin farko da sha biyun dare ya fara, wato tun daren Laraba ake shiga layi. Ni da ɗana, lokacin yana shekara tara, muna cikin waɗanda suka cika zauren. Tun makonni kafin ranar na sayi tikiti, ina ta nanata wa uwargida cewa don yaron nake yi. Ta dube ni ta ce, "To, Allah Ya kai mu." Wanda ya yi aure ya san irin wannan amsa.

Fim ɗin awa uku ne da minti ɗaya. Tallace-tallacen da ake sakawa kafin a fara sun ci kusan rabin awa. Yaron ya yi iya ƙoƙarinsa, yana ta mutsittsika ido, amma wajen ɗaya da rabi sai na ji kansa ya faɗo a kafaɗata, kwalin gugguru ya sulale ƙasa. Ƙarar yaƙin ƙarshe ce ta tashe shi a firgice. Ya toshe kunnuwa da tafin hannu, ya ce, "Baba, saura nawa?" Uku da rabi muka fito, na saɓa shi a kafaɗa har mota, cikin sanyin da ke ratsa ƙashi.

A layin gabanmu akwai wata matashiya da jariri ɗaure a ƙirji. Da ya fara kuka, tsaki ya tashi ta ko'ina, har da nawa. A raina na ce, wace irin uwa ce wannan? Sai da na zauna a mota ina jiran gilashi ya washe na tuna cewa ni ma ga nawa nan a kujerar baya, baki buɗe, yana barcin da na hana shi.

Ba wanda ya karya doka a cikinmu. Hukumar tace finafinai ta Birtaniya, BBFC, ta ba fim ɗin matakin 12A, wanda aka fito da shi a 2002: yaron da bai kai sha biyu ba zai iya shiga in dai yana tare da babba. Matakin yana duba abin da ke cikin fim ɗin ne, faɗa da zagi da tsoratarwa, bai damu da ƙarfe nawa aka nuna shi ba. A Amurka ma sun fi sassauci, don PG-13 ɗinsu na 1984 shawara ce kawai ga iyaye, har fim mai matakin R, wanda ya fi wannan tsanani, ana shiga da yaro in yana tare da uba ko uwa. A Ingila kuwa in an ba fim matakin 15, to in ba ka kai shekara sha biyar ba, ko da kakanka ka zo ba a barinka. Amma maganar dare, ƙasashen biyu galibi sun bar wa iyaye da masu gidan sinima.

A inda na tashi, wannan muhawara ba ta ma tasowa. Ba don iyayenmu sun fi na nan hankali ba. Dalilin shi ne duk wanda zai fita da dare yana da inda zai ajiye ɗa: ga kaka, ga goggo, ga matar wa, ga maƙwabciyar da ba sai an roƙe ta ba. Yaro zai yi barci a ɗakin da barci ya same shi, da safe a neme shi. A nan kowa ƙofarsa a rufe. Mai reno da awa ake biyanta, kuma samun wadda za ta zauna har ukun dare wani aiki ne. Barin yaro shi kaɗai a gida ba wasa ba ne, don ko da yake dokar Ingila ba ta yanke shekaru ba, laifi ne ka bar shi cikin halin da zai iya cutuwa. Wannan matashiyar ƙila wata shida ke nan ba ta taka ko'ina ba sai asibiti da kanti. Da a gida nake da na yanke mata hukunci na wuce. Zama a nan ya sa bakina ya yi nauyi.

Na kan tuna da abin da ya faru a garin Aurora, jihar Kolorado ta Amurka, ranar 20 ga Yuli 2012. Wani ɗan bindiga ya buɗe wuta a nunin tsakar dare na The Dark Knight Rises, ya kashe mutum 12, cikinsu har da yarinya 'yar shekara shida. Tun ba a binne gawawwaki ba wasu suka cika intanet da tambayar me ya kai yara sinima a wannan lokaci. Wannan rashin imani ne. Ko da rana tsaka mai bindigar ya zo, yaran zai tarar, har su fi yawa. Iyayen nan kallo suka je.

Duk da haka ba zan sake ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi. Likitocin barci a Amurka sun ce yaro daga shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12 a kowace rana. Nawa bai samu ko huɗu ba a gado, ya wuni yana ƙunci, abu kaɗan sai hawaye. Lasifikokin zauren kuwa don kunnen babba mai son jin ƙirjinsa na girgiza aka saita su, shi ya sa gidajen sinima da yawa a nan suke da nunin safe na iyaye masu jarirai, a rage ƙara a bar ɗan haske.

Abin da ya fi cina shi ne gaskiyar da uwargida ta gano tun farko. Nunin sha biyun dare ba a ƙirƙire shi don fim ya fi daɗi ba. Fim ɗin da za a nuna ran Asabar da rana shi ne dai, ba a cire ko minti ɗaya ba. Abin da ake sayarwa shi ne a ce da kai aka fara, ka shiga wurin aiki da safe ba mai ɓata maka labari, kai ne ma mai ɓata wa wasu. Wannan zazzaɓi na manya ne, kamfanonin fim suna hura shi don kuɗin makon farko ya yi kauri. Ɗan shekara tara bai san da shi ba sai an koya masa. Ni na so zuwa, na ji kunyar zuwa ni kaɗai da furfurata, sai na fake da shi.

Ran Asabar muka koma nunin ƙarfe biyu na rana, wannan karon har da uwargida, wadda ba ta ce min komai ba, tikitin kawai ta miƙo min in biya. Ya kalla daga farko har ƙarshe, yana tsalle a kujera. Da aka kunna fitilu ya juyo ya ce, "Baba, dama kai ka san haka zai ƙare, ba ka gaya min ba?"