Da wane ma'auni za a tantance talakan da ya cancanci inshorar lafiya kyauta?

A watan Mayun 2022 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wato NHIA, wadda ta wajabta inshora ga kowane ɗan Najeriya, ta kuma tanadi asusun masu rauni da gwamnati ta ce zai ɗauki nauyin mutum miliyan 83. Tun kafin nan, Dokar Lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, kuma kusan rabin wannan kaso yana bi ta hukumomin inshorar lafiya na jihohi, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, domin yi wa marasa ƙarfi rajista. Kuɗin ba su kai kowa ba, don haka dole a zaɓi wasu a bar wasu.

A Amurka, jihohin da suka faɗaɗa shirin Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, suna karɓar wanda samunsa bai wuce kashi 138 cikin 100 na ma'aunin talauci ba, kuma lissafin yana yiwuwa ne saboda akwai takardar albashi da ta haraji. A wajenmu mafi yawan masu neman abinci ba su da ko ɗaya. Manomin da ya cika rumbu da kaka shi ne wanda ke auno tiya bashi a watan Agusta, daidai lokacin da zazzabin cizon sauro ke kwantar da 'ya'yansa. Idan aka tambaye shi nawa yake samu a wata, duk amsar da ya bayar ba za ta bayyana halinsa ba.

Saboda haka aka koma ga rajistar marasa galihu ta ƙasa, inda jama'ar gari ke nuna mabuƙata, sannan jami'ai su bi gida-gida suna duba rufin ɗaki da kadara da yawan iyali. Dabarar tana da hankali a cikinta, amma tana tsufa da sauri. Gidan da aka tsallake shekarun baya saboda yana da rufin kwano da babur a zaure, wataƙila yau an sayar da babur ɗin a jinyar maigida, maigidan kuma ya rasu. Tsadar rayuwar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a 2023 ta jefa gidaje da yawa cikin wannan hali, kuma a shekarar ce Majalisar Tattalin Arziƙi ta Ƙasa da kanta ta nuna shakku kan sahihancin rajistar. Inda Hukumar Ƙididdiga ta ce a 2022 mutum miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki daban-daban, kuskuren barin mabuƙaci a waje ya fi kuskuren shigar da mai ɗan hali muni ƙwarai.

A ganina, ya kamata jihohi su fara da rukunan da ido ke gani, waɗanda dokar NHIA ta riga ta ambata: mata masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi da masu naƙasa. Mai ciki ba ta buƙatar shaidar mai unguwa ko alfarmar kansila. Jamhuriyar Nijar ta ɗauki wannan hanya tun 2006 ga ƙananan yara, kodayake jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya sha barin ɗakunan magani wayam, abin da ya nuna cewa dole kuɗin su riƙa isa a kan kari.

Ga sauran magidanta kuwa, a buɗe rajista a cibiyar lafiya ta kowace mazaɓa duk tsawon shekara, a liƙa sharuɗɗan cancanta da Hausa a bakin ƙofa, kuma wanda aka hana a gaya masa dalili, a nuna masa ofishin da zai kai kukansa da ranar da zai ji amsa.