Kututturen da muke ƙonawa a gona ya fi dashen biki amfani

Makon jiya na je gida, ƙauyenmu da ke ƙasar Arewa wajen Kangiwa. Da hantsi na raka Baba gona, yana gaba da sandarsa ina biye. Muna kaiwa iyakar gonar ya tsaya, ya nuna mini wani baƙin rami cike da toka. Nan kiryar nan take, wadda muke rataye goran ruwa a jikinta tun ina ɗan yaro. A tsakiyar rani, lokacin da ba mai zuwa gona, wani ya sare ta ya ƙona gawayi a wurin. Raina ya ɓaci ƙwarai, na fara faɗa. Baba ya ce, "Bari, ɗana. Ni ban yi masa baki ba, yunwa ce ta aiko shi. Abin da na sani kawai, ba zan ga wata kamarta ba."

Tun da na dawo Birnin Kebbi maganar nan ta ƙi barina.

Duk mai sauraron rediyo ya ji ana cewa duniya na ɗumama. Hayaƙin man fetur da kwal da gas ya taru a sama yana riƙe zafin rana kamar bargo. A 2015 ƙasashen duniya sun haɗu a Faris, suka yi alkawarin ƙoƙarin kada ɗumamar ta wuce digiri 1.5 sama da yadda duniya take kafin zamanin masana'antu, sai ga shi 2024 ta zama shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Mu nan ba sai an karanto mana ba. Damina ta daina tsayawa kan alkawari: a yi shuka, ruwa ya ɗauke makonni, sai an fid da rai kuma ya zo gaba ɗaya. Manoman shinkafa ba su manta 2020 ba, shekarar da ruwa ya shanye fadamu daga Augie da Argungu har Bagudo, mutane suna kallon bashin da suka ci yana nutsewa. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya. Afirka gaba ɗayanta kuwa ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ake fitarwa ba. An zalunce mu, wannan gaskiya ne, kuma asusun biyan asarar sauyin yanayi da ƙasashen duniya suka amince a kafa a taron Masar na 2022 haƙƙinmu ne, shugabanninmu su neme shi da ƙarfi.

To amma ba Ba'amurke ne ya sare kiryar Baba ba. Ɗan uwanmu ne, kuma mu mazauna birni muka sayi gawayin. A gidana ma akwai buhu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, gas da kananzir suka yi tsada, gidaje da yawa suka koma kurfoti da murhu. Ku tsaya bakin hanya ku ƙirga motocin gawayi da itace da ke shigowa gari, kowace mota wani yanki ne na dajin da ke tare mana iska da rairayi. Yunwar da Baba ya ambata ita ce ta sa mutanen Bagega da Dareta da 'Yargalma a Zamfara suka riƙa daka dutsen zinariya a tsakar gida, har gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a 2010. Wanda cikinsa ke ƙugi, wa'azi kaɗai ba ya ajiye masa gatari. Shi ya sa nake ganin sauƙaƙa gas, da yaɗa murhu mai tsimin itace, da ba manoman rani injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, duk aikin kare daji ne.

Sai maganar dashe, inda na fi jin ciwo. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta ɗauki shirin katangar itatuwa mai tsawon kusan kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, kuma Kebbi da Sakkwato da Zamfara na cikin jihohi 11 da shirin ya shafa a Najeriya. Niyya ce mai kyau. Amma na halarci bikin dashen itace da idona: an kafa rumfa, an yi jawabai, an dasa ɗaruruwan 'yan itatuwa, an ɗauki hoto. Ba shinge, ba mai ban ruwa, ba wanda aka ce nasa ne. Kafin hunturu ya fita awaki sun gama da su, abin da ya rage rana ta ƙarasa. Kuɗin jama'a ne ya tafi, da fatan yaran makarantar da aka kwaso suka riƙe ledojin dashen.

Alhali maganin yana nan kusa da mu, a ƙasar Maradi da Damagaram, wajen Hausawa 'yan uwanmu masu noman gero irin namu. Bayan farin da aka sha a shekarun 1970 da 1980, manoman can sun gane cewa itatuwan da ake zaton sun mutu suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Kututturen sabara da kalgo da gawo da aduwa da muke sassabewa mu cinna wa wuta kowace bazara, saiwarsa ta riga ta yi nisa, ta san inda ruwa yake. Abin da suke yi shi ne, in an zo sharar gona, a duba tohon da ke kan kututture, a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi da miƙewa a bari, a datse sauran, a riƙa yi musu aski duk shekara. Ba sayen iri, ba jan ruwa, wuƙa ko lauje ya isa. Da wannan dabarar aka kiyasta an farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar.

Na san abin da manomi zai ce, don Baba ma ya faɗa mini: inuwa na hana gero, kuma itace na tara tsuntsu. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ake aski kuma ba a barin su su yi cunkoso. Amma ku tuna gawo. Shi da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya zuba wa dabbobi 'ya'ya. Duk manomi ya san geron gindin gawo ya fi na tsakiyar fili zangarniya. Rassan da aka datse kuwa su ne itacen girkin uwar gida, ba sai ta tura yara daji ba, a wannan zamani da shiga daji ya zama abin tsoro.

Abin da ya sa dabarar ta yi aiki a Nijar, manomi ya tabbata itacen da ya yi rainonsa nasa ne. Nan ne nake roƙon iyayenmu sarakuna da hakimai da dagatai su sa baki. A yi shela a kasuwa cewa itacen gona na mai gona ne, wanda ya sare ba izini zai biya. A zauna da ardo-ardo a yi yarjejeniya kan yanko wa dabbobi ganye ba tare da kashe uwar ba. Malamanmu kuma su tuna mana hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ko Alƙiyama za ta tashi alhali da ɗan dashen dabino a hannun ɗayanku, in zai iya dasawa, ya dasa.

Kafin in baro gida mun koma gonar da ƙanena. Kiryar kam wuta ta ci saiwarta, ba za ta dawo ba. Amma mun ƙirga kututture goma sha bakwai masu toho, yawanci sabara da kalgo, da ƙananan gawo guda uku. Mun ɗaura wa kowanne jan ƙyalle don masu sharar gona su gane. Baba ya amince a bar su shekara biyu ya gani, da sharaɗin in geronsa ya ragu ni zan cika masa rumbu, na kuwa ce na yarda.